Abin da Ke Hawan Direba da Rana Tsaka

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka ka sauka Madani lafiya, ka tarar da kawunka Idirisu da iyalinsa cikin alheri. Allah Ya tsare ka gaba da baya, Ya tsare waɗanda za su shiga motar da zai ba ka ka tuƙa, Ya tsare har waɗanda ba su shiga ba, suna tafiyarsu a gefen hanya.

Uwarka ta sa maka gyaɗa da busasshiyar kuɓewa a jaka, ni kuma na cusa wannan a ƙarƙashinsu. Kada ka nemi labarin gida a ciki. Yau ka bar gidan, akuyar da ka sani ita ce dai. Magana ce na yi kwana bakwai ina juya ta, duk sa'ad da na buɗe baki sai in ji na tambaye ka ko ka ci abinci.

Ranar kasuwar da ta wuce, da ka ɗauko ni a boksin maƙwabcinmu, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ka tuna tsohon nan mai karo, wato amalanke, da jakinsa ya tsaya mana a kan gadar tura'a, hanyar ruwan noma? Bai fi tsawon alwala ba muka jira shi. Ni ban kalli tsohon ba, kai nake kallo. Na ga kunnenka ya yi ja, na ga yatsunka sun shaƙe sitiyari, na ga ka daina ƙifta ido. Sannan ka leƙa ta taga ka yi magana. Zagin bai dame ni ba, na ji wanda ya fi shi a bakin mutanen da ke sahun gaba a masallaci. Muryar ce ta sa tsigar jikina ta tashi. Ba taka ba ce. Na san ta, don ta shekara ashirin tana fita ta maƙogwarona. Na ɗauka na binne ta tun kana goye, sai ga ta zaune kusa da ni sanye da rigarka. Da muka isa gida na tambaye ka me ka ce wa tsohon, ka yi dariya ka ce ai ba ka ce masa komai ba. Kuma na ga ba ƙarya kake yi ba. Shi ya sa nake rubutu.

Ka taso ka same ni manomi, mai hawasha, 'yar gonar nan tamu, da fartanya da ciwon gwiwa. Ka san na taɓa tuƙa lori, amma ba ka san abin da ya sauko da ni ba. Mutanen gari suna cewa ido ne ya yi rauni. Idona ƙalau yake, har yanzu ina zura wa uwarka zare a allura.

Kuskurena na fari, na ɗauki abin nan mazantaka. A gida ni mai sanyi ne, ka tambayi kowa. Kaza tana iya cin tuwo a kwanona in matsa mata. Amma da na hau kujerar lori na rufe ƙofa, sai wani ya zo ya zauna a cikina. Wata rana a hanyar Managil, wani mai ƙaramar mota ya sha gabana ba tare da ya ɗaga hannu ba. Na bi shi tafiyar da ta kai daga nan zuwa ƙauye na uku, hanyar da ba tawa ba, da buhunan dawa a baya. Da ya tsaya na sauko da sifana na farfasa masa madubi. Mutumin ya fito, ashe malamin makaranta ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Ya tsaya yana duban gilasan a ƙasa, ya tambaye ni cikin ladabi ko mun san juna. Ban ma iya gaya masa laifinsa ba, ya riga ya ɓace mini. Da yamma a wurin mai shayi direbobi suka yi ta tafa mini, suna cewa Abbakar ba a shan gabansa. Na sha shayin nan ina jin kaina sarki.

To ka ji: kada ka ajiye ƙarfe inda hannunka zai kai kana zaune. Sifana da jak su zauna can baya, a ɗaure da igiya mai wuyar kwancewa. Kuma ka yi nesa da masu yaba maka fushi. Ba su ne za su tsaya gaban alƙali ba, labari suke nema na shan shayi.

Na daɗe ina tunanin me ya sa sai a hanya. Mu mutane ne da ba ma wuce juna sai an gaisa. Ka sani, daga ƙofar gidanmu zuwa masallaci taku ɗari ne, amma gaisuwa kan sa a rasa raka'a. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga yamma za su Makka, suna tafe suna noma, wasu sai da suka haifi 'ya'ya suka aurar a hanya, har suka zauna a nan bakin kogi. Ban taɓa jin an ce ɗayansu ya daki wani don ya riga shi wuce wata kuka ba. Amma a mota ba sallama. Ba ka ganin fuskar mutum, ƙeyarsa kake gani da hayaƙinsa, ƙeya kuwa ba ta da uwa ba ta da uba. Kakarka, Allah Ya jiƙanta, takan ce duk wurin da ba a sallama, akwai masu zama a cikinsa. Tana nufin kangon gida da tsohuwar rijiya. Ba ta san kwalta ba, da ta sa ta a lissafi.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwarka.

Lokacin tsinkar auduga ne, rana ta take tsaka. Ka san irin lokacin: inuwa ta shige ƙarƙashin mai ita, ba kare ba tsuntsu, ƙasa ta tsattsage baƙa ƙirin. Na ɗauko auduga na hau kan gaɓar babbar tura'a don in yanke hanya. Ka san kan gaɓa, faɗin mota ɗaya ne, dama ruwa, hagu gangare zuwa gonaki. Ni kaɗai ne a motar. Sai na cimma wata boksi tana tafiya kamar mai tausayin ƙasa. A bayanta maza ne zaune a kan gefuna, fararen jallabiyoyi, sun kewaye wani abu a tsakiya, duk sun ba ni baya ko gefe. Na danna hon. Ba su ƙara gudu ba. Na sake dannawa, na daɗe a kai. Wani dattijo ya juyo ya yi mini alama da tafin hannu, ƙasa ƙasa, wato in yi a hankali. Wani kuma ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Kowane ɗan ƙasar nan ya san wannan yatsa, shahada ce. Ni a ranar na ga gargaɗi yake mini.

Sai abin ya zo. Yakan fara ne daga ƙeya, kamar an ɗora maka tafin hannu mai zafi. Sannan ƙarar inji ta yi nisa, duniya ta tsuke ta zama kamar kana leƙe ta bakin tulu, ba ka ganin komai sai abin da ke gabanka. Na matsa har hancin lori ya kusa taɓa su. Direban boksin ya tsorata ya raɓe dama don ya ba ni hanyar da babu ita. Gaɓar ta zabge ƙarƙashin tayarsa. Motar ta karkata, mutanen suka dira, abin da ke tsakiyarsu ya zame a hankali, ya bi gefen gaɓar, ya shiga ruwa.

Angarib ne, gadon igiya. Ka san da shi muke kai mamaci.

Ya tsaya a tura'a da ƙafafunsa biyu cikin laka, biyu a sama, ruwa ya kai rabin likkafani. Mayafin da aka lulluɓe ta da shi ya kwance, ya bi ruwa yana tafiya shi kaɗai, a shimfiɗe, bai nutse ba. Mace ce, tsohuwa.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na dai tsinci kaina a ƙasa, da sifana a hannu, bakina a buɗe da sauran zagi a ciki. Na tsaya ina jiran su taso mini. Da sun taso da na ji daɗi, wallahi, da sun fasa mini kai da na gode. Ba wanda ya ɗaga murya. Mutum bakwai, suka tsaya suna dubana, ruwa yana wucewa. Sai dattijon nan ya tako har gabana, ya ɗaga tafukansa biyu kamar yadda ake yi wa wanda ya zo ta'aziyya, ya ce, "Al-Fatiha."

Ba a ɗaga hannu a yi Fatiha da ƙarfe a ciki. Sai da na sake shi ya faɗi. Na ɗaga hannuwana, na nemi Fatiha a kaina, surar da nake karantawa tun ban yi kaciya ba, na rasa farkonta.

Muka shiga ruwa muka ɗauko ta. Boksin ba ta fita ba, maƙabartar kuma da sauran tafiya, sai aka ɗauka a kafaɗa. Dattijon ya nuna mini ƙafar gadon ta baya, ta dama, wadda ta fi jiƙewa. Na sa kafaɗa. Ba ta da nauyi, kamar ɗaurin kara. Ruwan likkafani yana ɗiga a wuyana yana bin bayana, da sanyi irin na randa, a wannan rana da ke narka mutum. A al'ada ana karɓar juna a ɗaukar gawa, kowa ya samu lada. Ni ba wanda ya karɓe ni har bakin kabari.

Bayan an rufe ta na je wurin dattijon, ashe ɗanta ne na fari. Na ce ya yafe mini. Ya ce uwarsa ta shekara tamanin ba ta taɓa gaggawa ba, ko ranar da gobara ta kama ɗakinta sai da ta nemi takalmanta, shi ya sa ya ce wa direba ya tafi da ita yadda ta saba. Sannan ya ce, "Nawa na yafe, ya zol, bawan Allah. Nata kuwa, ga ta nan, ka tambaye ta."

Uwarka ta sha tambayata me ya sa nake ɗora tawul a kafaɗar dama ko da zafi. Nakan ce sanyin ƙashi ne. Wurin bai sake ɗumi ba tun ranar.

Amma ba wannan ne abin da ya fi nauyi ba, Haruna. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina ban san gawa ba ce. Ƙarya ce. Tun kafin in matsa na hango ƙafar angarib tsakanin ƙafafun mutanen. Na gani, wani sashe na kaina ya ce mini gawa ce, Abbakar, tsaya ka sauka ka yi musu Fatiha kamar yadda kowane direba ke yi. Na ji shi sarai. Ƙafata ce ba ta ɗaga daga totur ba. Kamar ina zaune a kujerar fasinja ina kallon wani yana tuƙi da hannuwana.

Nasihar a nan gajeriya ce. Motar da ke tafiya a hankali a gabanka, akwai abin da ta ɗauko wanda ba ka gani. Wata gawa ce, wata mai naƙuda, wata kuma tsoro ne kawai na sabon direba. Balle yanzu, bayan yaƙin da ƙasar nan ta gani a shekarun nan, ba ka san me mutum ya binne ba kafin ya hau hanya, ba ka kuma san me ke ƙarƙashin kujerarsa ba. A zamanina sifana ce. Yanzu ba sifana ba ce.

Kuskurena na gaba, na nemi wanda zan ɗora wa. Na ci gaba da tuƙi kusan shekara biyu. Duk ranar da rana ta take, in na dubi madubi sai in ga boksi a bayana, nesa kaɗan, da fararen riguna, tana tafe a hankali. In na yi gudu tana nan, in na tsaya ta tsaya. Ba ta taɓa neman wuce ni ba. Na je wurin wani faki, malamin tsibbu, a wajen Dindir, ban ba shi labarin gawar ba, na ce dai fushi ke kama ni a hanya. Ya ce iska ce, na taka wurin zamansu da rana tsaka. Ya ba ni rubutu na sha, da takardun turare. Ka san daɗin da na ji? Iska ce, ba ni ba ne. Na koma gida da sauƙin zuciya, na sha rubutu, bayan sati uku na shaƙe wani mai raksha, keke mai ƙafa uku, a Madani har idanunsa suka fito. Ranar na ajiye makulli. Ban musa akwai iska ba, Alƙur'ani ya ambace su. Amma na lura iskata ba ta taɓa hawa ni a gaban ɗan sanda ba. Iska ce mai wayo, ta san mai kaki.

Kakarka kuwa ta ce ba iska ba ce ba ciwo ba, rashin kunya ne, kuma da a gabanta nake yi da muciya ta warkar da ni. Ita ma akwai gaskiya a nata.

Sai shekarun baya, da na je asibiti a Madani saboda hawan jini. Wata likita, yarinya ce sa'ar yayarka, ta tambaye ni ko ina yawan fushi. Na ce a'a, sai dai da can, a mota. Ta ajiye alƙalami ta yi ta tambaya. Ko fushin yakan fi abin da ya jawo shi girma nesa ba kusa ba. Ko yakan zo farat ɗaya ya tafi farat ɗaya. Ko nakan tuna abin da na faɗa. Ko in ya wuce nakan ji kunya da gajiya kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi, in rantse ba zan sake ba, in kuma sake. Ban taɓa ganinta ba, amma ta zana ni kamar tana bayan lorin. Ta ce akwai fushin da likitoci ke lissafawa cikin cututtuka, yana da magani, wani na zama a yi magana a koya wa mutum gane shi tun yana nesa, wani har da ƙwaya. Na ce to ashe duk direbobin Madani majinyata ne, sai a yi wa garin rufi a kira shi asibiti. Ta yi dariya ta ce a'a, zagi a hanya halin mutane ne da zafi da cunkoso, ba kowane mai tari ke da tarin fuka ba. Amma wanda ya bi mutum ƙauye uku da sifana, ya kamata a duba shi. Ta rubuta mini takarda zuwa wani ɗaki a ƙarshen baranda.

Na je har ƙofar. Na karanta abin da aka rubuta a sama, na ga ɗakin masu ciwon ƙwaƙwalwa ne. Na tuna ina da 'ya'ya mata ba su yi aure ba, na tuna bakin mutanen garinmu. Na ninke takardar na sayi gyaɗa aka ƙunsa mini a ciki. Na ce ai na daina tuƙi, abin ya mutu. Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe, kuma shi ya fi wauta, don na yi shi da furfura. Da na shiga ɗakin nan, da na san abin da zan gaya maka tun ranar da ka fara taɓa sitiyari.

In ka tambaye ni yau, ciwo ne ko hali, sai in ce na zauna da shi shekara arba'in ban gama rarrabewa ba. Abin da ke sa mutum ya ga gawa ƙafarsa ta ƙi ɗagawa, ba lafiya ba ce, ko me za a kira shi. In kiran sa ciwo zai kai mutum wurin magani, a kira shi ciwo da babbar murya. Amma in don a samu wurin ɓuya ne, kamar yadda na ɓuya bayan iska, to sunan banza ne. Mai ciwon suga ba laifinsa ba ne, amma in ya sani ya zauna gaban tiren basbusa mai zaƙi, wannan kuma nasa ne. Ko da likitocin duniya sun taru sun sa wa abin da ke kaina suna, ni ne dai na tura tsohuwar nan ruwa, kuma ni za a tambaya.

Malamai sun ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in yana zaune ya kwanta, ko ya yi alwala. Direba dai a zaune yake, kwanciya kuma ba ta yiwuwa da fasinja goma sha huɗu. Saura alwala. Ka riƙa ajiye buta cike. In ka ji tafin nan mai zafi a ƙeyarka, kada ka tsaya gardama da shi, ya fi ka baki. Ka raɓe, ka kashe mota, ka zare makulli ka miƙa wa fasinjan da ya fi kowa tsufa, ka sauka ka zuba ruwa. Za su yi gunaguni, wata ma ta ce direban nan gudawa yake yi. Bar su. Gara a yi maka dariya a kai gida.

Ban hana ka aikin nan ba. Kawunka ya yarda da kai, hannunka a tuƙi ya fi nawa, kuma ba a ɗaure namiji a gindin hawasha don tsoron ubansa. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Litinin ta sama zan zo Madani. Zan koma asibitin nan in nemi ɗakin ƙarshen baranda, in shiga, in faɗi duk abin da na rubuta a nan da bakina. Ni ne majinyacin, sunana za a rubuta, in magana ta dawo gari a kaina za ta sauka, ni kuwa na aurar da 'ya'yana, ba abin da bakin mutane zai ci mini. Kai rakiya kawai za ka yi wa tsoho mai ciwon gwiwa. Ka zauna a gefe ka saurara. In duk abin da aka tambaye ni ba ka ji naka a ciki ba, ka mai da ni tasha, ba zan sake ɗaga maganar ba har in mutu. In kuwa ka ji, to kujera tana nan kusa da tawa, sai ka matso.

Ka zo ka ɗauke ni a tasha da motarka. A gaba zan zauna.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Ya sanyaya maka zuciya a inda ta saba zafi, Ya sa kada hannunka ya zama sanadin kukan gidan kowa. Allah Ya jiƙan matattunmu da na mutane. In ka idar da sallah ka sa da wata tsohuwa a addu'a, ban san sunanta ba, kunya ta hana ni tambaya. Ka gai da kawunka da mutan gidansa. Uwarka tana gaishe ka, ta ce kada ka bar kuɓewar a leda.

Wassalam.

Mahaifinka,
Abbakar